Auta Ta Ce In Rage Mata Hannun Riga

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce yana damunka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa, ka ga kuwa lafiya ta samu. Babban ɗanka ya fara tsirar gemu, ba a ganinsa sai an matso kusa, amma ya hana kowa madubi.

Yaya, in a tsaye kake ka nemi wuri ka zauna. Maganar Autarka ce. Ina shago ina kan keken ɗinki, sai ga ta ta dawo daga makaranta da rigar nan mai ruwan toka, ta shimfiɗa min a teburin yanka, wai in rage mata hannun ya tsaya sama da gwiwar hannu. Na ɗauka kunnena ne. Ka san tun da ruwan zafin nan ya kwarare mata a hannun hagu tana rarrafe, ban taɓa ɗinka mata rigar da ba ta rufe har wuyan hannu ba. Ko awo zan yi mata, a kan riga nake ɗora tef. Yarinyar da ko gumi na tsiyaya ba ta naɗe hannu, yau ita ke miƙo min almakashi!

Da na tambaye ta ko lafiya, sai ta ce ta yanke shawara, karatun jinya za ta yi, kuma in ta gama ba inda za ta ƙware sai sashen masu ƙuna. Na ce innalillahi, duk faɗin asibiti ta rasa inda za ta zaɓa sai nan? Ga ɗakin haihuwa, ga na ido inda ko jini ba a cika gani ba. Ashe makaranta ce ta kai su babban asibiti su ga ayyuka kafin su zaɓi darussan da za su ƙarasa da su. 'Yan ajinsu na leƙa ɗakin masu ƙuna suka ja da baya, wata har da amai. Ita kuwa ta tsaya cak, don akwai wata 'yar ƙaramar yarinya da za a canja wa bandeji, tana ta tsala ihu, nas biyu sun kasa shawo kanta. Wai tambaya take ko hannunta zai ruɓe ya faɗi. Sai Auta ta naɗe hannun riga a gaban kowa, har da malaminsu, ta nuna mata nata, ta dunƙule yatsu ta buɗe, ta ce mata ga shi nan yana aiki. Yarinyar ta ƙura wa tabon ido, ba ta sake ihu ba har aka gama wanke ciwon.

Maman Auta da ta ji shawarar da ta yanke, kuka ta yi ta yi. Ni kuwa na tsaya tsorata Auta. Na kawo mata warin ɗakin, da tsayuwar yini, da waɗanda za su cika a hannunta. Ta ce duk ta tambayi babbar nas ɗin wurin, kuma matar ba ta rage mata komai ba. Na tuna mata kai kwamfuta ka zaɓar mata, don ta samu ofis ta zauna ba mai zura mata ido. Amsar da ta ba ni ce ta kashe min jiki. Ta ce ita ba ta taɓa cewa a ɓoye ta ba, ta taso ne ta tarar ana rufewa, sai ta ɗauka mu ne ba ma son gani.

Yanzu makaranta amincewar uba take jira kafin ƙarshen wata. In ba ka yarda ba, ajin kwamfuta za a bar ta, kuma ta ce ba za ta saɓa maka ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, don na san za ta yi shiru ta bi, ba wanda zai ƙara jin bakinta.

Inna na gaishe ka, wai ka rage aiki. Mamansu da yaran duk suna gaisuwa. Ka miƙa min gaisuwata ga Kawu da iyalinsa, da Gwaggo ƙarama in kun haɗu.

Auta za ta kira ka a bidiyo da kanta, kuma hannun a buɗe zai kasance. Ta ce min tun tana ƙarama, duk sanda za ka tsallakar da ita titi, sai ka zagayo ka kama hannunta na dama. Ba da fushi ta faɗa ba, amma ta lura. Ko me za ka yanke, don Allah ka kalli hannun tukuna, kada ka kau da kai.

Wassalam, ka huta lafiya.

Ƙanwarka mai ɗinki