Amyoyin Dutsen Malgo

Malgo, ƙasar Fika
14 ga Janairu, 1954

Zuwa ga matata Meram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Iyata da ciwon gwiwarta. Ni lafiya lau, sai kewar tuwonki. Wannan takarda ki karanta ta da kanki, tunda kin cika min kunne da cewa kin fi kowa a ajin yaƙi da jahilci. Kada in ji an kai wa maƙwabta.

Ayuba direba ya sauke mu a mararrabar Fika, muka ƙarasa garinku a ƙafa. Babanki da Innarki lafiyarsu ƙalau. Na je na durƙusa na gaishe su, amma a gidan Lawan mai gari na sauka, kin san ba zan iya kwana gidan surukai ba.

Ranar da muka baro Potiskum ina ta sauri, ban yi miki bayanin aikin ba. Tun gobarar bara, ofishinmu na daji yake son a mai da dutsen nan gandun daji. In aka yi haka za a hana rataya amya, don masu amya da wuta suke ɗiban zuma. Kin ga ke nan maganar ta shafi Babanki kai tsaye, shi da ba shi da wata sana'a. To Baturiyar da nake rakiya, wadda mutanen nan suka laƙaba wa Mai Raga saboda ragar kama ƙwari da ba ta rabuwa da ita, tana ganin ƙudan zuma ne ke sa kaɗanya ta yi 'ya'ya. Wai su ke ɗaukar garin huda a ƙafafunsu daga wannan itace zuwa wancan. In ta tabbatar, za ta rubuta a bar amyoyi.

Ta shafa wa kaɗanya ashirin farin fenti a gangaren gabas. Aikina shi ne in zauna ƙarƙashin itace tun fitowar rana, agogo a hannu, in zuba wa reshe ɗaya ido, duk ƙudan da ya sauka a huda in ja layi a littafi. Ni Kashim, malamin daji mai kaki da hula, na koma makiyayin ƙuda. Yi dariyarki, matan da ke wucewa rafi ma suna yi.

Dutsen ya yi kyau, Meram. Kaɗanya duk ta zubar da ganye ta yi huda, ƙamshi har cikin gari. Daga sama ana hango gonakin Fika da layin itatuwan da ke bin rafi. Mai Raga tana zana su, tana tsinkar ciyayin da ke fitowa a tsagin dutse tana danne su cikin tsofaffin jaridu.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Kwana huɗu ke nan, ban taɓa wuce layi goma sha ɗaya a awa guda ba. Shekarar da nake zuwa zance wurinki, itatuwan nan ruri suke yi, ba ka jin maganar na kusa da kai. Ban kuma ga amya ko ɗaya a sama ba. Na so in tambayi Baba, bakina ya yi nauyi.

Ki gai da Iya da mutanen gida.

Naki,
Kashim

Malgo
23 ga Janairu, 1954

Meram,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Yaji ya iso, na gode, har Mai Raga ta ɗanɗana ta yi ta tari.

Na gano inda ƙudan suka tafi, kuma laifina ne. Innarki ce ta faɗa min da na je gaisuwa, tana ɗauka na sani.

Kin san al'adar garinku. Tun shekarar da zuma ta tarwatsa 'yan dakon wani Bature mai rangadi aka yi wa tsohon Lawan faɗa a gaban jama'a, duk baƙon gwamnati da zai zo sai a share hanya, a ɗaure karnuka, a sauke amyoyin da ke kusa. Ni ma na san da wannan. Kafin mu taso na aika wa Lawan takarda na ce a yi wa baƙuwa duk abin da aka saba. Ban faɗi abin da ke kawo ta ba. Gaskiya girman kai ne, na ɗauka mutanen ƙauye ba za su gane aikin ba, ba na ɓata tawada. Da Lawan ya ji wata guda za ta yi tana yawo a dutsen, sai ya sa aka sauke amyoyin gabas gaba ɗaya, ɗari da arba'in, aka toshe bakinsu aka ɗauke su a ka zuwa kwazazzabon yamma, tafiyar rabin yini. Talatin da ɗaya na Baba ne. Da tsufansa ya yi sawu uku.

Wato sun wahalar da kansu don girmama ta, sun kwashe mata abin da ta zo gani.

Na sami Lawan. Ya riƙe hannuna ya roƙe ni don Allah kada in faɗa mata, yana tsoron a ce ya yaudari gwamnati a tuɓe shi. Mutumin da nake cin tuwon gidansa safe da yamma. Ita kuwa Mai Raga jikinta ya yi sanyi. Jiya ta daɗe tana duban littafina, ta ce watakila ita ce ta yi kuskure, kuma abin da layukan suka nuna shi za ta rubuta, ko da bai yi mata daɗi ba. Saura kwana goma huda ta kaɗe.

In na yi shiru, amyoyin Baba sun tafi har abada da rubutun hannuna. In na yi magana, na ci amanar mai masaukina, na kuma tona wa kaina asiri. Na san wanda ya fi nauyi, tsoro ne kawai nake ji, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Kashim

Malgo
30 ga Janairu, 1954

Meram,

Assalamu alaikum, ina gajiyar gida? Ki yi haƙuri da rubutun, da ido ɗaya nake yi.

Na faɗa mata. Na fara da takardar da na rubuta, don kada nauyin ya faɗa kan Lawan. Ina rufe baki na fara tunanin wace sana'a zan kama in aka sallame ni. Sai ta miƙe ta ɗauki gwangwanin fenti ta ce in kai ta kwazazzabon.

Tun kafin mu sauka muka fara jin rurin. Ta shafa wa wasu ashirin fenti a can. Awar farko na ja layi ɗari uku da wani abu, fensir ya ƙare na fiƙe da wuƙa. Ƙudan ya harbe ni a fatar ido, ita kuma a wuya da hannu, ko a jikinta.

Amma ta zo da wata bukata mai wuya. Ta ce a bar amyoyin a can har kaɗanya ta ɗaura 'ya'ya, don a gwada gefen da ke da zuma da gefen da babu, shi ne shaidar da ofis ba zai iya musu ba. Masu amya suka taru a ƙofar Lawan. Da yawa suka ƙi, don kwazazzabon ya yi musu kaɗan, ga tururuwa, zuma ta fara gudu. Kuma itatuwan gabas da za a bari babu zuma su ne na matan gari, har da na Inna. Baba ne ya yi magana daga ƙarshe. Ya ce a bari, asarar shekara guda ta fi ta dindindin sauƙi. Bai dubi inda nake ba, ni ma ban iya ɗaga kai ba.

Lawan yana aiko min da abinci har yanzu, amma ya daina zama mu ci tare. Jibi za mu taso, in Allah ya yarda.

Naki,
Kashim

Malgo
19 ga Yuni, 1954

Zuwa ga Meram,

Assalamu alaikum. Da fatan ruwan shekaranjiya bai shigar miki ɗaki ba, na san ban gyara rufin nan ba kafin in taho. Yaya Iya? Na iso lafiya, hanya duk taɓo.

Na karanta wa mutane takardar ofis a ƙofar Lawan. Za a yi gandun daji, amma an bar amyoyi, da sharaɗin a riƙa yin hayaƙi a cikin tukunya maimakon hawa da wutar ciyawa. Babu wanda aka tuɓe, ba a ko ambaci sunan Lawan ba. Mai Raga ta cika alkawari. Abin da muka tarar da muka dawo duba itatuwan a watan jiya shi ta rubuta: itatuwan yamma rassa har suna lanƙwasa, na gabas kuwa ashirin ɗin nan ba su cika kwando biyu ba. Mutane sun yi hamdala, Lawan ya ba ni hannu.

Ba na son ki ji sauran a bakin wani. Bana Inna ba za ta yi man kaɗanya ba, kada ki sa rai da ƙwaryar da take aiko miki. Cikin amyoyin Baba talatin da ɗaya, tara ne kawai zuma ta zauna. Sauran kuwa zumar ta gudu tun a kwazazzabo. Wasu a ciki shekara goma sha biyar suna ba shi zuma, ya san halin kowacce, wadda ke da faɗa da wadda ba ta da shi. Bai ce min komai ba, Meram. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na roƙi hutun mako biyu, shi ya sa ba za ki gan ni ranar Juma'a ba. Baba bayansa ya riƙe tun ɗaukar amyoyin nan, ba ya iya hawa. Shi yake shafe amyoyin da kashin shanu ya turara su, ni nake hawa in rataya, yana ƙasa yana nuna min da sanda inda bakin zai fuskanta. Mun rataya ashirin da biyu, duk fanko. Na tambayi Inna yaushe zuma za ta shiga, ta ce sai kaka, wata shekarar ma ba ta shiga.

Duk da haka kullum da hantsi sai ya fita. Yana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya jingina sandarsa, ya kafa kunne a jikin itacen ya saurara, sannan ya wuce na gaba. Jiya na bi shi daga nesa har ya gama duka ashirin da biyun. Yau da zai fita ya tsaya a ƙofar Lawan yana jirana, har sai da na sa takalmi.

Ki gai da Iya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mijinki,
Kashim