Noti Na Huɗu Da Shuɗin Duro

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iso maka ba. Amma shekara ashirin da shida duk abin da ya sami motarka sai ka shigo ka ba ni labari ko ban tambaya ba. Yau ni ke da labarin.

Muna lafiya, yara ma lafiya. Motar ce ta kwanta.

Da aka zo rabon gado an ba mu zaɓi, ni da 'ya'yanka, ko gonar Gagarawa ko a-kori-kurar. Na ce motar. An yi ta magana, wai wace irin mace ce za ta bar ƙasa ta ɗauki ƙarfen da ya girmi 'yarta ta fari. Ƙaninka Sani ke tuƙa ta. Duk Alhamis yana kai awaki da buhunan gero Maigatari kamar yadda kake yi, kuma abin da ta kawo shi muke ci.

Makonni uku da suka wuce ta tafasa masa a hanyar Sule Tankarkar. Ya ce ta daɗe tana wani kuka a gaba, tana ɗigar da ruwa, shi kuwa yana ta ƙara mata. Da igiya aka jawo ta Gumel, aka ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, daidai inda kake ajiye ta.

Na aika aka kira abokinka Malam Idi bakanike. Ya tsufa, Malam. Hannunsa na rawa in zai ɗauki kofin shayi, amma da ya kama sifana sai rawar ta tsaya. Ya leƙa, ya girgiza fanka, ya ce famfon ruwan injin ne ya mutu.

Daga cikin zaure na kalli aikin. Suka tsiyaye lagireto, suka cire bel ɗin fanka da fankar kanta da tiyo. Noti huɗu ke riƙe da famfon. Uku suka fito, kowanne da kukansa. Na huɗu, na can ƙasa, ya ƙi ko motsi.

Malam Idi ya ajiye sifana ya gaya mana gaskiya. Tsatsa ta haɗe notin da jikin injin. In ya karye a ciki sai an huda, kuma wurin ya yi siriri, ba zai ɗauki huji ba. Irin injin nan an daina samunsa a kusa. Sani ya ce to a zura bututun ƙarfe a sifana a danna, in ya fito shi ke nan, in ya karye dama ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, za su saye ta a kilo. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya gaji ne, kuma Alhamis na matsowa.

Na tuna wata bazara da ka kwana uku kana fama da noti ɗaya a tsakar gida. Na ce maka mutum da ƙarfinsa ya zauna yana lallashin ƙarfe kamar amarya. Ka ce, “Ke ma ai ba da ƙarfi na same ki ba.”

Ban san na riƙe yadda kake yi ba sai da na ji bakina yana faɗa. Na ce a haɗa man birki da kananzir a ɗiga a gindin notin, a ƙwanƙwasa kansa a hankali, a bar shi ya sha. Safe da yamma, kwana uku. In an zo kwancewa kuma a fara ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan a dawo da shi baya. Sani ya yi dariya, ya ce Yaya ta juya maganar, ana son kwancewa wa zai ɗaure. Malam Idi bai yi dariya ba. Ya ce haka kake yi, shi ne dai bai taɓa samun haƙurin ba.

Alhamis ɗin nan ta wuce ba mu je kasuwa ba. Ranar Sani ko gaisuwa bai shigo ba.

Ni na riƙa ɗigawa. Bayan asuba in rana ta fito sai in sa hijabi in fita, in ɗaga bonet in tokare da sandarka. Hannuna ya fi nasu shiga wurin. Da ƙaramin cokalin nan nake yi, wanda na riƙa ba ka kunu da shi a makonka na ƙarshe, lokacin da bakinka ba ya buɗuwa sosai. Shi ne kawai mai dogon hannu a gidan. In ɗiga, in jira ya shige, in ƙara. Hannun bai manta ba.

Rana ta huɗu Malam Idi ya dawo. Ya yi bismillah, ya sa sifana, ya ja wajen ɗaurewa. Aka ji ƙas. Na ɗauka ya karye, har na juya zan shiga gida. Sai ya dawo da shi baya kaɗan, ya sake turawa gaba, ya sake dawowa. Ya fi rabin awa yana wannan kai da komo. Daga ƙarshe ya miƙo wa Sani notin, baƙi ƙirin, cikakke, bai guntule ba. Sani ya juya shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

Famfon ma sai da aka bubbuga shi da katako kafin ya saki. Da ya fito, fuka-fukan da ke cikinsa duk sun cinye, wani farin abu kamar kanwa ya daskare a jiki. Malam Idi ya tambayi Sani wane ruwa yake zuba mata. Ya ce na rijiya, na burtsatse, duk wanda ya samu a hanya. Malam Idi ya fara yi masa faɗa. Na ce ya bari, ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya gaya masa.

Wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna shuɗin duronka na bayan ɗaki. Duk damina kana tara ruwan sama a ciki don motar, ka ce ruwan rijiyoyinmu yana cin ƙarfe. Ruwan farko ba ka tarawa, sai ya wanke kwano. Na biyu kake sa duron ƙarƙashin indararo, da ƙyalle a bakinsa. Kana da karan dawa da kake zurawa ka yi masa shaida da wuƙa, don ka san in an taɓa.

Sau ɗaya na ɗiba na wanke farin mayafina na zuwa suna, don sabulu ya fi kumfa da shi. Ka zura kara ka tambaya. Na ce rana ce ta shanye. Ka ce, “Lallai ranar bana har mayafi take wankewa.”

Ranar da ka rasu tsakiyar bazara ce. Kwana biyar famfon unguwa bai kawo ruwa ba, rijiya ta ƙafe, 'yan garuwa kuma ba a gan su ba. Maza suna tsaye suna jiran ruwan da za a yi maka wanka. Na ce a buɗe duron. Da shi aka wanke ka. Abin da ya rage masu gaisuwa suka yi alwala.

Damina ta zo ina cikin takaba. Ina kwance ina jin indararo yana zuba a ƙasa, na san inda ya kamata duron ya kasance, ban tashi ba. Ban kuma ce wa kowa ya sa ba. Da na ba Sani makulli na gaya masa zancen mai, da birki, da tayar baya mai saki. Zancen ruwa ne na kasa, don in na fara shi sai na kai ga inda ruwan ya tafi. Malam Idi ya ce famfon motar dama ya tsufa, ko da wane ruwa ne zai mutu wata rana. Na gode masa. Amma na san abin da na sani.

An kankare wurin tas, aka sa sabon gaskit mai hana yoyo da sabon famfo. Malam Idi ya shafa wa notikan giris, ya ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, ba ɗaya ya gama ba sannan ɗaya. Tsohon notin nan shi ya koma wurinsa, don bai ga wanda ya fi shi a kasuwa ba.

Da aka zo zuba ruwa Sani ya nufi rijiya da jarka. Na ce ya tsaya. Ruwan bana ya sauka sau biyu kafin ranar. Na farko na bar shi ya wanke kwano. Na biyu na mirgino duron da kaina na sa ƙarƙashin indararo, na ɗaure bakinsa da tsohon mayafin nan. A nan zaure na gaya wa Sani komai, har inda ruwan bara ya tafi. Ya ɗauki jarkar ya zaga bayan ɗaki.

Motar ta tashi a bugu na biyu. Muka bar ta tana aiki har aka kira la'asar, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, ƙasa kuma ba ɗigo. Jiya ta je Maigatari ta dawo, da jarka biyu na ruwan duro a bayan kujera.

Na yanko sabon kara na yi masa shaida. Hannuna bai kai naka iyawa ba, shaidar ta karkace, amma ana gane ta. Na gaya wa yara kowa ya taɓa zan sani.

Shekara ashirin da shida kana hana kowa ko moɗa ɗaya ta ruwan duron, kai ma ba ka taɓa wanke fuska da shi ba. Ban san ko za ka yi faɗa da abin da na yi ranar ba. Na dai so a ce ruwan da ya fi kowanne kyau a gidan shi ya taɓa ka ƙarshe. Ka yafe mini wannan, da na mayafin.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah Ya haɗa mu a inda ba rabuwa. Amin.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka, daga Gumel.