Ku Daina Yi wa Baba Ɗure

Zuwa ga ƙanwata Wartini,

Gaisuwa mai yawa daga Penang. Ya Inna da yara, ya kuma jikin Baba? Allah Ya sassauta masa. Ni lafiyata ƙalau, aiki ne dai ba hutu. Fasfona yana hannun uwar ɗakina, wai adana min take yi, maganar zuwa gida kuma ta ce ba yanzu ba.

Kin ce asibiti sun sallamo Baba, sai mai jinyar ƙauye ke leƙo shi da maganin rage zafi. Inna kuma tana ta ɗura masa kunun shinkafa, wai muddin yana haɗiya ba inda za shi.

Wartini, ki hana ta. Tsohuwa Khoo da nake jinya ita ma ciwon daji ne irin na Baba, ta zo gargara. Ma'aikaciyar jinyar da ke zagayo mu ta fizge cokali daga hannun ɗan tsohuwar ta ce, "Kai, shaƙe ta za ka yi? Cikin ya rufe, ba yunwa take ji ba." Ta nuna min yadda ake jiƙa auduga a shafa a leɓe. Tun ranar tsohuwar ta daina ƙwarewa.

Na san Inna za ta ce birni ya cire min imani. Ta faɗa, na ji.

Kullum leɓen uwar wasu nake jiƙawa. Ki samo auduga ki jiƙa na Baba. Tunda idonsa ya dushe, in ya tambayi wace ce, ki ce Sumirah ce ta dawo.

Yayarki,
Sumirah