Kabarin Barmo Cikin Turawan Mishan

Guangzhou, Agusta 2008

Yaya Zalika,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Inna. Ni ne Maidaji, wanda ƙanenki Barmo yake ɗaure wa kaya a kasuwar Tianxiu. Sai haƙuri, Allah Ya yi wa Barmo rasuwa ran Talata, zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

A ƙasar nan ƙona gawa suke yi. Ga bizarsa ta mutu, ga kame ko'ina saboda wasannin Olamfik. Maƙabartar Musulmi kuwa ba ta karɓar Kirista. Muna cikin wannan tsaka mai wuya aka nuna mana wata tsohuwar maƙabartar Katolika a wani ƙauye can bayan gari. Wata tsohuwa da ke noman kabeji a gefenta ta ce Faransawan mishan ne suka kafa ta tun garin yana bakin daji. Annoba ta ci rabinsu, daga baya aka kori sauran, mutanen gari suka kwashe duwatsun kaburbura suka yi wa aladu shinge.

Nan muka sa shi, cikin mutanensa. Mun yi masa wanka da likkafani, muka fuskantar da shi alƙibla yadda muka iya.

Allah Ya ba ku haƙuri.
Maidaji

Malumfashi, Satumba 2008

Alhaji Maidaji,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Saƙonka ya iso, mun yi kukanmu.

Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Barmo da aka yi wa baftisma tun yana goye, shi kuka naɗe a likkafani kuka juya wa alƙibla? Ba akwati, ba Fada, ba gicciye? Da ransa kun yi ta jansa masallaci ya ƙi, shi ne kuka jira ya kasa magana.

Inna ban gaya mata wannan ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka kafa masa gicciye, ko na katako ne, a rubuta sunansa.

Ka huta lafiya.
Zalika

Guangzhou, Maris 2009

Yaya Zalika,

Ina gaisuwa. Maganarki ta yi mini zafi. Mu shida muka ɗauki gawar nan a motar kaya, da an tare mu da duk muna kurkuku. 'Yan cocinsu na nan ko ɗaya bai leƙo ba. Jana'izar da muka gada ita muka yi masa, ba mu san wata ba.

Gicciye kuwa, na sa kafinta ya yi. Sai abokaina suka ce ba ya halatta Musulmi ya kafa shi da hannunsa, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Na jingine shi a shago ina jiran Kiristan da zai kai.

Makon jiya na je ziyara, na tarar da motocin rusau, hanya za a fitar. Mutanen coci sun zo sun tone nasu, sun mai da su wata maƙabarta. Na nuna wa jagoransu wurin Barmo. Ya dubi kabarin, ga shi a karkace da sauran, ba akwati, ba alama. Ya kaɗa kai ya ce, "Meyo," wato babu. Na rantse masa Katolika ne, ya ce Katolika ba ya kwanciya haka. Na garzaya wurin limamin Musulmi, shi ma ya ce ba nasu ba ne.

Hukuma ta haɗa shi da marasa dangi ta ƙone. Tokar tana wurina a ɗan tulu. Ki faɗi yadda za a yi, in saka shi a kwantenar kaya ta watan gobe.

Naki,
Maidaji

Malumfashi, Afrilu 2009

Alhaji,

Na gaishe ka.

Kada ka aiko. Duk Lahadi Inna sai ta tsaya a ƙofar coci tana gaya wa mata ɗanta na kwance a China tsakanin manyan Fada. Da wannan take iya cin tuwo. Ba ni zan miƙa mata tulu in ce ga shi ba.

Ka riƙe shi a shagonka har ranar da ta rufe ido. Sannan zan rubuto.

Zalika