Jibo Ya Zo Gayya

Maska

Kawu Malam Almustapha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙafar taka? Ya mutanen Malumfashi?

Kawu, ina cikin tsaka mai wuya. Hajiya Barakatu, mai sayen hatsi a Funtua, ta ji labarin matan auren da nake koya wa karatu a tsakar gidanmu. Ta ce za ta kai ni daurar ƙaro ilimi ta malamai mata a Madina, ni da muharramina, jirgi da ci da masauki duk a kanta. Wallahi ranar kasa cin tuwo na yi don murna.

Sai ga Jibo, mijin ɗalibata Mero, yana ta yaɗawa a majalisa wai tafiyar da wani ya biya ba ta da lada, ladan na mai kuɗi ne. Maganar ta tsaya mini a rai. Ga shi tun rasuwar maigidana, yayana Haladu ne kaɗai zai iya raka ni, masararsa kuwa ta bushe a tsaye, an kusa sakin shanu cikin gonaki.

Ka faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Na bar ka lafiya.

'Yarka, Naja'atu

Malumfashi

Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, amma har yanzu sai da sanda.

Oh ni Almustapha! Yaushe Jibo ya zama mufti? Yaron da ya gudu daga gabana tun bai kai izu biyu ba! Tafiyarki halal ce. Wanda ya shirya mai fita neman ilimi yana da lada, kuma ba a rage na matafiyin ko ƙwayar gero. Ki dai gyara niyya, kuma kada ki yarda a gindaya miki abin da za ki faɗa in kin dawo.

Maganar Haladu ce mai nauyi. Bai halatta ya bar abincin iyalinsa a bakin shanu ba, ko don Madina. Da ina da ƙafa, ni zan raka ki. In ba a shigar da masarar nan ba, ki haƙura. Na san da ciwo, 'yata, ni ma ya yi mini ciwo.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

Maska

Kawu,

Assalamu alaikum. Na karanta wa ɗalibaina takardarka, na ce musu na fasa. Ban iya riƙe hawaye ba. Mero ta miƙe ta ce, "Malama, gayya ta mutu ne a garin nan?"

Ban san me kowace ta faɗa wa mijinta ba. Ni dai ranar Asabar na ga maza cike da gonar Yaya suna karyar masara, matan kuma sun haɗa hatsi sun dama fura. Kafin la'asar an kwashe ta tas. Jibo ne ya fi kowa zufa. Na aika masa da sannu, ya aiko wai a tambaye ka: shi da ya karya masara, yana da kaso a ladan?

Jibi za mu tashi. A sa mu a addu'a.

Naja'atu

Malumfashi

Naja'atu,

Alhamdu lillahi! Ki ce wa Jibo yana da kaso, naki kuma bai ragu ba. Ki ce masa allonsa na nan inda ya jingine shi.

Allah ya kai ku lafiya. Ki kai gaisuwata Raula, a masallacin Annabi.

Kawunki