Sawun Buroshi a Kan Kogi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai sanyi ya tsayar da fentin gidaje, yatsuna kuma sun ɗan tsage. Kada Inna ta ji.

Da zaman ya ishe ni, na shiga ajin koyon zanen hoto da fentin mai. Kogin da nake hange ta taga nake zanawa, ƙanƙara ta rufe bakinsa. Kai ka koya min shafe bango sumul, babu sawun buroshi. Nan kuwa malamarmu cewa take: "Ɗiga shuɗi, ɗiga ja, bar shi haka!" Da na ja baya, wallahi sai ga ruwa yana motsi a zanen.

Zan aiko maka da zanen. Don Allah, Yaya, kada ka gyara.

Ƙaninka