Mikin Harshen Yaya Bature da Ajin Lailatu

Unguwarmu, Birnin Gwari

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Muslimat da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, kuma bana mutanenmu na Tabanni sun samu sun shiga gonakin bakin daji da aka daɗe ba a taka ba. Allah Ya ɗorar mana da wannan sauƙi.

Na san labarin ciwon Yaya Bature ya iso maka gutsure-gutsure, shi ya sa na ce bari in ba ka shi daga tushe. Lokacin sunan jaririn ɗana Hamza, 'yata Lailatu ta zo daga birni. Ana cin tuwo ta lura kawun nata yana tauna da gefe guda, yana yamutsa fuska. Da ta tambaye shi sai ya ce ɗan miki ne a gefen harshe tun kafin shuka, yana kuskure shi da ruwan gishiri, ba ya ma zafi sosai. Ta ja shi inuwa, ta haska bakin da fitilar waya, ta taɓa ƙarƙashin haɓarsa. Ni da na haife ta na ga fuskarta ta sauya. Ta ce lallai ya bi ta asibitin koyarwa. Ya ce masararsa na jiran taki, ba inda za shi. Ba ta yi musu da shi ba, ta dai zauna kusa da shi ta yi masa bayani a hankali cewa rashin zafin nan shi ya fi tayar mata da hankali. Washegari muka kama hanya mu uku.

Tasi'u, ashe duk shekarun nan ba mu san aikin yarinyar nan ba. Mu dai muna cewa tana koyar da cire haƙori. Ba haka ba ne. Ilimin cututtuka take koya wa masu karatun likitan haƙori: da farko yadda cuta ke farawa a jiki gaba ɗaya, kumburi da ƙari da sauransu, sannan cututtukan baki su kansu, na harshe da dasashi da muƙamuƙi. Aka yanki ɗan nama kamar ƙwayar gero daga mikin, aka duba a madubin likita. Sankara ce, amma ba ta riga ta yaɗu ba. Da Lailatu ta faɗa mana, Yaya ne ma ya riƙa ba ni haƙuri.

Kafin a yi aikin, Lailatu ta nemi izininsa ta nuna wa ɗalibanta hoton mikin ba tare da ambaton sunansa ba. Ka san Yaya. Ya ce hoton me, ga mai harshen da kansa? Haka ya shiga ajin da babbar rigarsa, ni kuma na raɓe a kujerar baya. Ɗalibai cike da ɗaki cikin fararen riguna, kowa ya yi tsit yana sauraron yarinyar da na goya. Ta sa suka gaishe shi tukuna, ta ce wanda bai iya gaida mara lafiya ba bai isa ya ce masa ya buɗe baki ba. Wata ɗaliba mai suna Grace ta duba, ta ce a ganinta karyayyen haƙori ne ke gurzar wurin. Lailatu ba ta gwale ta ba. Ta ce ta sa safar hannu ta taɓa gefen mikin, ta faɗi abin da ta ji. Yarinyar ta taɓa, sannan ta ce da tauri kamar tsakuwa. Lailatu ta ce to ta riƙe wannan taurin a yatsanta har ƙarshen aikinta, domin wata rana a wani ƙauye ita kaɗai ce za ta gan shi da wuri. Wallahi sai da na ja mayafi na share ido.

An yi aikin lafiya, an cire wurin. Maganarsa ta ɗan yi nauyi, amma yana cin tuwonsa, kuma zai riƙa komawa ana duba shi. Ya dawo ya tarar maƙwabta sun zuba masa takin. Yanzu kuwa ya zame wa mutane aiki: ranar kasuwa sai ya tare abokansa, manoma da Fulanin da ke kawo shanu, ya ce kowa ya buɗe baki ya gani. Har ya tura wa Lailatu wani tsoho daga Dogon Dawa. Ta bugo waya tana dariya, ta ce wannan kam ƙaya ce ta kifi ta maƙale masa, amma Kawu ya ci gaba da turowa.

Ka gaida Muslimat da Abdulfattah da auta Bushira. Yaya da Hamza da matarsa A'isha duk suna gaishe ka. Ka kira Yaya, kuma in yana magana kada ka katse shi don tausayi, ka bar shi ya kai ƙarshe da kansa.

Taka yayarka,
Habiba